'Yar Gana Da Ta Ƙi Karɓar Dala Miliyan Ɗaya A Kan Fim Ɗinta

Mu da muke Buokrom, muna safarar kaya tsakanin Kumasi da Paga ko Aflao, ba mu cika damuwa da 'yan wasan Ingila ba. Idan an dawo kasuwa an ci tuwo, finafinan Kano da na Kumawood sun ishe mu. To sai dai akwai wata 'yar wasa da muke ganin ya dace ɗan kasuwa ya san labarinta, saboda wani ciniki da ta taɓa ƙi.

Sunanta Michaela Coel, cikakken sunan kuwa Michaela Ewuraba Boakye-Collinson, wanda duk mazaunin Kumasi zai gane daga inda ya fito. An haife ta a Landan ranar 1 ga Oktoba, 1987, iyayenta duka 'yan Gana ne. Mahaifiyarta ce ta rene ta a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi a gabashin birnin. Ta fara da karanta rubutattun waƙoƙinta a gaban jama'a, daga baya ta shiga makarantar koyon wasa ta Guildhall, ta kammala a 2012. Wasan da ta rubuta na kammala karatu shi ya zama shirin barkwancin talabijin mai suna Chewing Gum a 2015, inda ta rubuta kuma ta fito a matsayin jaruma. Shirin ya ba ta lambobin yabo biyu na BAFTA a 2016.

A lokacin da take rubuta kashi na biyu na shirin ne wani mummunan abu ya same ta. Ta fita da dare, aka zuba mata ƙwaya a abin sha, aka ci zarafinta. Ita da kanta ta bayyana haka a jawabin da ta yi a taron talabijin na Edinbara a 2018. A kan wannan masifa ta gina sabon labari.

A nan cinikin ya shigo. A 2017 kamfanin Netflix na Amurka ya yi mata tayin dala miliyan ɗaya, ta rubuta shirin kuma ta fito a ciki, amma da sharaɗin haƙƙin mallaka ya zama nasu kacokan. Kamar yadda ta faɗa wa wata mujallar Amurka a 2020, ta nemi a bar mata kashi 5 cikin 100, aka ce ba haka ake yi ba. Ta sauko zuwa kashi 2, ta sauko 1, har ta kai rabin kashi ɗaya, ba ta ji amin ba. Sai ta ce albarka. Da ta gano cewa kamfanin dillalanta na Amurka, wanda ke ta matsa mata ta sallama, yana da nasa kason da bai faɗa mata ba, sai ta raba gari da shi.

Wanda ya taɓa sayar da goro ko shanu ta hannun dillali ya san wannan yanayi: wanda ka ɗauka naka ne, ashe yana cin la'ada gaba da baya. Kuma idan mai karatu bai manta ba, a zamanin kaset da faifai, furodusoshi da dama a Kano sun riƙa sallama fim ga 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai a biya su sau ɗaya, sannan duk abin da faifan ya kawo daga baya babu ruwan mai shi. Mu ma a Zango mun sayi irin waɗannan fayafayan, ba tare da mun tambayi aljihun wa kuɗin ke shiga ba.

Gaskiya kuwa, ba kowa ke iya abin da ta yi ba. Tana da suna a hannu a lokacin, tana da inda za ta juya. Mai bashi a wuya da iyali na jira, sau da yawa dole ce ke sa shi karɓar tayin farko, kuma ba ma ganin laifinsa.

Ta kai labarin BBC, suka amince ta riƙe haƙƙinta da ikon tsara shirin yadda take so, gidan HBO na Amurka ya shigo haɗin gwiwa. Sai da ta sake rubutun har sau 191. I May Destroy You ya fito a Yunin 2020 cikin kashi 12, kuma a 2021 ta zama baƙar mace ta farko da ta ci lambar Emmy ta rubutun gajeren shiri mai dogon zango. A 2022 ta fito a Black Panther: Wakanda Forever, a 2024 kuma ta ƙara wata Emmy ɗin, wannan karon a kan wasa, a shirin Mr. & Mrs. Smith.