Sikana: Rediyon da ke saka ɗan kallo cikin motar tsere

Yau Amurka za mu leƙa, filin tseren motoci, amma ba a kan motocin za mu tsaya ba. Wata 'yar na'ura ce za mu duba, wadda girmanta bai wuce rediyon oba-oba ba, ana ce mata sikana.

In ka taɓa ganin bidiyon tseren NASCAR, za ka lura 'yan kallo da yawa sun ɗora wani ƙaton hedifon a ka kamar matuƙan jirgin sama. Dalili biyu ne. Na farko ƙara. Mota 40 ne ke wucewa a tare, a fili kamar Daytona gudunsu na kaiwa kilomita 300 a awa, ƙarar kuma tana haura desibel 100, alhali masana lafiyar ma'aikata na cewa daga 85 kunne ke fara cutuwa in aka daɗe. Wanda ke kusa da kai ma ba za ka ji shi ba. Na biyu, wanda shi ne maganarmu, hedifon ɗin an jona shi da sikana, mutum yana sauraron hirar direba da mutanensa kai tsaye, a daidai lokacin da suke yin ta.

To yaya take aiki? Rediyon gidanku na FM yana kama tashoshi daga mita 88 zuwa 108, kai ne za ka murɗa ka tsaya inda kake so. Su tawagogin tsere suna magana ne can sama, tsakanin 450 da 470, inda rediyon gida ba ya kaiwa. Kowace mota da tashar da aka ware mata. Ita sikana sai ta riƙa bin tashoshin da ka zuba mata ɗaya bayan ɗaya da sauri, duk inda ta ji murya ta tsaya, in an yi shiru ta wuce. Sauraro kawai take yi fa, ba ta aika magana, saboda haka ba yadda za a yi ɗan kallo ya sa wa direba baki. Masu wayo sukan jera tashoshin daidai da lambar mota: in kana son mota mai lamba 24 sai ka danna 24. Wanda ba shi da tasa, akwai kamfanoni irin su Racing Electronics da ke ba da haya a bakin fili, an riga an saita komai. Wasu kuma su sayi tasu ta Uniden, su karɓi jerin tashoshin wannan makon su zuba da kansu.

Muryoyi uku za ka fi ji. Akwai direba. Akwai shugaban tawaga da ke zaune a wurin gyara yana lissafin mai da taya, shi ke cewa shigo yanzu ko ƙara zagaye biyar. Sai na ukun, wanda ni a wurina shi ne daɗin abin: mai hange. Shi yana tsaye can saman rufin 'yan kallo da tabarau mai jawo nesa kusa. Direba an ɗaure shi tamau a kujera, ga hular kwano, ga abin riƙe wuya, ba ya iya waiwaye. To mai hangen nan shi ne idonsa. Za ka ji yana maimaitawa a hankali, akwai mota a damanka, tana nan, tana nan, ka wuce ta. In hatsari ya faru a gaba, hayaƙi ya rufe hanya, shi zai ce bi sama ko bi ƙasa, direba kuma ya bi ba tare da ya ga komai ba. Kai da ke zaune kana jin wannan, sai motocin da kake gani suna ta zagaye kawai su koma wani abu daban. Ka san wa tayarsa ta cinye, wa ke lallaɓa mai, wa ya fusata. Gargaɗi ɗaya: ana ɗura ashar ba kaɗan ba, babu mai tacewa, masu zuwa da yara sun san da haka.

Yanzu tambayar da na san wani zai yi: me ya hana su ɓoye maganar? Ai fasahar tana nan. Amsar ita ce NASCAR ce ta hana, dokarta ta ce hirar direba ta kasance a buɗe yadda jami'ai da 'yan kallo za su ji. Kuma wannan dokar ta taɓa tona asiri.

Ranar 7 ga Satumba 2013, a filin Richmond na jihar Bajiniya, ana tseren ƙarshe da zai tantance direbobi 12 da za su shiga zagayen neman kambu. Saura zagaye 7, Ryan Newman na gaba, in ya ci ya ƙwace gurbin Martin Truex Jr. Sai aka ji shugaban tawagar Clint Bowyer, wanda kamfaninsu ɗaya da Truex, yana tambayarsa a rediyo ko hannunsa na ciwo, ya ce masa ya sosa. Jim kaɗan motar Bowyer ta juya ita kaɗai. Aka ɗaga tutar gargaɗi, motoci suka shiga canja taya, Newman ya rasa gaba, ya ƙare na uku. Shi kuma ɗaya abokin nasu, Brian Vickers, aka ji ana umartarsa ya shiga wurin gyara ba gaira ba dalili, shi kansa yana mamaki. Truex ya samu gurbi.

Da a ɓoye suke magana, da wataƙila shi ke nan. Amma dubban kunnuwa sun ji, talabijin ta yi ta maimaita sautin. Bayan kwana biyu aka ci kamfanin Michael Waltrip Racing tarar dala 300,000, aka cire Truex aka saka Newman, daga baya aka ƙara Jeff Gordon ya zama na 13. Bowyer dai ya musanta cewa da gangan ya yi, NASCAR ma ta ce ba ta iya tabbatar da hakan ba, hirar Vickers ce hujjar da ta riƙe. Babban mai ɗaukar nauyinsu, NAPA, ya janye, kamfanin kuma ya rufe a ƙarshen 2015. Bayan abin, an hana masu hange riƙe rediyon dijital a saman rufin.

A Formula 1 lamarin ba haka yake ba. Rediyonsu a kulle yake, in ka je fili da sikana ba abin da za ka kama, sai abin da masu shirya gasar suka sako ta talabijin ko manhajarsu. Ko a hakan ma an taɓa kama Ferrari: a Jamus a 2010 aka ji injiniya na shaida wa Felipe Massa cewa Fernando Alonso ya fi shi gudu, ya kauce masa, aka ci su tarar dala 100,000.

Mu da ke nesa, manhajar NASCAR tana da sashen sauraron direbobi, sai dai sautin kan ɗan makara tunda ta intanet yake biyowa. Shi ya sa har yau wanda ke cikin fili ya fi son sikana, don mai hange na cewa ka wuce ta, idonka na kan motar tana wucewa.

Mu tsaya nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba.