Gidan da ke tafiya a kan Kwara

Yaron da ya tashi a Ƙofar 'Yandaka bai saba da kwalekwale ba, domin Katsina ba ta da babban kogi. Amma akwai sa'o'insa da jirgin ruwa ne ɗakinsu.

Sarkawa, masuntan ƙasar Kabi da Yawuri, sun daɗe suna bin kogin Kwara su gangara kudu, su wuce Lakwaja inda Binuwai ke haɗuwa da shi, wasu har Neja Dalta, inda kogin ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Watanni ake yi. A tsakiyar jirgi akan kafa rumfar tabarma, ga murhu, ga taru, ga buhun hatsi. In an sami tsibirin yashi, sai a yada zango a banda kifi.

Yara ne ke shan wahala. Wanda jarrabawa ta samu a kan ruwa, wa zai kai masa takarda? Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ta haɗa da 'ya'yan masunta, sai dai yawancin makarantun a tudu suke, kuma iyaye kan tashi da zarar kifi ya yi gaba.