Ko ka san an taɓa yin gonar da ba a shigarta sai an kashe injinta?

A lardin Ibaraki na ƙasar Japan, a 1960, an share wata gona zagayayya kamar faifai, mita 100 daga tsakiya zuwa baki, aka kewaye ta da ganuwar ƙasa. A cibiyarta aka kafa hasumiyar ƙarfe ɗauke da sinadarin kobalt-60, mai fitar da hasken gamma. Ido ba ya ganin hasken nan, amma yana ratsa ganye da itace da jikin mutum. A lokacin da gonar ke aiki, in ma'aikata za su shiga cire ciyawa ko duba shuka, sai an killace sinadarin tukuna. Da sun fita, sai a sake shi a kan amfanin gona.

A irin wannan gona, shukar da ke gindin hasumiya mutuwa take yi. Na bayanta su tsumbure, ganye ya murɗe, kara ya yi ƙulu-ƙulu. Waɗanda ke can nesa kuwa, lafiya lau a ido, su ne abin nema, domin hasken ya ɗan taɓa ƙwayoyin gadonsu bai kashe su ba. Yawancin sauyin ɓarna ne. Amma a cikin dubbai akan dace da guda mai jure cuta, ko mai nuna da wuri, ko mai gajeren kara da iska ba ta kayarwa. Tun 1928 Lewis Stadler na Amurka ya nuna haka a kan sha'ir da masara, sai dai shi da hasken X ya yi aiki.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na wani ɗan itace ɗan uwan tuffa da Japanawa ke kira nashi. Nau'insa mai suna Nijisseiki yana da farin jini a kasuwa, amma cutar baƙin ɗigo ta addabe shi, manoma ba su da aiki sai feshi. Aka dasa itatuwansa a gonar, suka yi kusan shekara 20 suna shan haske. A 1981 aka tarar da wani reshe tsaf, babu tabo, alhali cuta ta kama na kewaye da shi. Reshe ɗaya tak! Shi aka yanka aka yi ta aurawa a kan wasu itatuwa, har ya zama nau'in Gold Nijisseiki. Haƙurin mutanen da suka yi ta bin itatuwa reshe-reshe ya fi injin kansa ba ni mamaki.

Har gyaɗa ta shiga. A 1959 wata mata a Ingila, Muriel Howorth, ta samu gyaɗar da aka haska a Amurka, ta shuka ƙwaya ɗaya a gida ta fito, sai ta kafa ƙungiyar masu lambu tana raba musu irin da aka haska.

Irin da aka samu ta wannan hanya ba ya fitar da haske, kuma ba a dasa masa ƙwayar gado daga wata halitta ba. Yanzu an fi zuba iri a ƙaramin inji a haska shi kafin shuka. Rumbun bayanan hukumomin FAO da IAEA ya ƙunshi nau'o'i sama da 3,000, ciki har da rogon Tekbankye da Gana ta fitar a 1997, da gyaɗar Tafra-1 mai jure fari da Sudan ta fitar a 2018.