Harafi Ɗaya Cikin Biliyan 3: Yadda Kuskuren DNA Ke Jawo Cutar Mantuwa

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san cewa harafi ɗaya idan ya kauce, komai na iya tsayawa cak. Jikinmu ma da irin wannan rubutu yake aiki, wato DNA, mai haruffa huɗu kacal: A, C, G da T, jere har kusan biliyan 3.

A yankin Antioquia na ƙasar Kolombiya akwai wani dangi mai mutum kusan 6,000, kuma kimanin 1,200 daga cikinsu na ɗauke da sauyin harafi ɗaya a ƙwayar gado mai suna PSEN1. Mai wannan sauyi yakan fara mantuwa yana wajen shekara 44, kafin ya kai 50 cutar Alzheimer ta kama shi sosai. Kowane ɗa da ya haifa na da kashi 50 cikin 100 na yiwuwar gādo. Likita Francisco Lopera, wanda ya rasu a 2024, ya kwashe shekaru kusan 40 yana bibiyar wannan dangi.

Me ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa?

Akwai wani furotin mai suna APP da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke yankawa gunduwa-gunduwa. PSEN1 ce ke ƙera bakin almakashin da ke wannan yanka. Idan ta samu matsala, sai almakashin ya riƙa fitar da gutsure masu tsayi da danƙo, waɗanda ake kira amiloyid. Su ne ke manne wa juna su taru tsakanin ƙwayoyin. Daga baya wani furotin, tau, ya cukurkuɗe a cikin ƙwayar kanta, hanyar da saƙo ke bi ta toshe, ƙwayar ta mutu. Ɓarnar takan soma ne daga sashen da ke adana sabbin abubuwa. Shi ya sa mara lafiya zai tuna ƙuruciyarsa amma ya manta ya ci abincin rana.

Matar da ta ba likitoci mamaki

A 2019 masu bincike sun fitar da labarin wata mata daga wannan dangi. Tana da sauyin, ƙwaƙwalwarta cike da amiloyid, amma ba ta fara mantuwa ba sai da ta haura 70. An gano tana ɗauke da kwafi biyu na wani sauyin daban da ake kira Christchurch a ƙwayar APOE, kuma tau bai yaɗu sosai a kanta ba. Yanzu ana neman maganin da zai kwaikwayi wannan kariya.

Kafin ka aika yawunka gwaji

Irin gādon Kolombiya bai kai kashi 1 cikin 100 na masu Alzheimer ba. Wanda ya fi yawa shi ne APOE4, wanda ke ƙara haɗari kawai, ba ya yanke hukunci. Kamfanoni irin su 23andMe na nuna maka shi a wayarka, sai dai yawancin bayanan da suke dogara da su daga Turawa aka tattaro. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis ya nuna tasirin APOE4 ga Yarbawa bai kai na baƙaƙen Amurka ba.

Sannan akwai batun sirri. A 2023 masu kutse sun kwashi bayanan mutum miliyan 6.9 daga 23andMe. Kalmar sirri ana canza ta, DNA kuwa ba a canzawa, kuma naka yana tona na 'yan uwanka.

Idan wani a gidanku ya fara mantuwa tun bai kai 60 ba, kada a ce gigin tsufa ne ko jifa. A kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Wasu dalilan, kamar ƙarancin bitamin B12, suna da magani.