Hanyar Burji Ta Yi Daraja A Turai, A Bauchi Kuwa Sai Toshe Ta Ake Yi

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin hanyar da ta fita daga Bauchi ta nufi Ningi, zai ga wani ayari wanda masu motoci ba su cika kula da shi ba. Masu kekuna ne daga ƙauyukan kewaye, wani ya ɗauro itace, wani buhun gawayi, wani kuwa kwandon tumatir, suna bin gefen kwalta a ɗarare. Da babbar mota ta danno oda sai su gangara cikin ƙura su tsaya, in ta wuce su sake hawowa. Ba don marmari suke hawa kwaltar ba, sai don a nan ne hanyar ƙasa ta ƙare musu.

Abin mamaki shi ne, ita wannan hanyar ƙasa da ake yi wa kallon alamar rashin ci gaba, watau burji, ita ce yau Turawa ke kashe kuɗi suna nema. Har sun ƙera mata keke na musamman wanda za a iya kiransa keken tsakuwa. Shi dai tsaka-tsaki ne tsakanin keken tsere na kan kwalta da keken hawan duwatsu: ba shi da nauyi, kansa a tanƙware yake ƙasa kamar ƙahon rago, tayoyinsa kuma masu faɗi ne, kimanin milimita 40, yadda za su riƙe tsakuwa ba tare da sun zame ba.

A ƙasar Amurka abin ya fara ƙarfi, a kan hanyoyin gonaki. A shekarar 2006 mutum 34 ne suka fita tseren mil 200 daga wani ƙaramin gari mai suna Emporia a Jihar Kansas, yanzu kuwa dubban mutane ke cika garin kowace shekara saboda wannan tsere. A 2021 aka fara irinsa a dajin Masai Mara na ƙasar Kenya, ana kwana huɗu ana yi. A 2022 kuma ƙungiyar tseren keke ta duniya ta shirya gasarta ta farko ta keken tsakuwa a lardin Veneto na ƙasar Italiya.

Amma masu tsere 'yan kaɗan ne. Yawancin masu hawa irin wannan keke abu guda suke gudu, shi ne mota. Wurin da aka fi yi wa wannan bukata tanadi kuwa shi ne yankin tafkuna da koguna na gindin duwatsun Alfas. Alal misali akwai Tafkin Konstans, wanda Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka kewaye, kogin Rayin kuma ya shiga ta gefe guda ya fita ta ɗaya gefen. An zagaye tafkin da hanyar keke ta kimanin kilomita 260, kuma wurare da dama an raba ta da hanyar mota. A bakin tafkin Ansi na ƙasar Faransa, tsohon layin dogo ne aka mayar hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa. Can cikin dazuzzuka kuwa akwai hanyoyin tsakuwa waɗanda aka hana motoci bi, in ban da na manoma da ma'aikatan gandun daji. Abin lura a nan shi ne, ba kwalta ce ta ba waɗannan hanyoyi daraja ba. Doka ce da alluna: an san inda hanya ta fara da inda ta ƙare, an kuma san wanda ke da ikon binta.

To, Bauchi ba ta da ƙanƙara a kan duwatsunta, amma sauran kayan duk Allah ya hore mata. Birnin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19 yana zaune ne a tudu mai tsayin fiye da mita 600 daga gaɓar teku, duwatsu sun kewaye shi, rafuka kuma suna gangarowa daga cikinsu. Arewa da gari akwai madatsar ruwa ta Gubi, wadda daga cikinta ne ake tace ruwan da birnin ke sha. Ruwan ya kwanta a tsakanin duwatsu, masunta na jefa taru, masu lambu na noman rani a gefe, hanyoyin jar ƙasa da turbobin ƙafa kuwa sun ratsa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Wanda ya bi su da sanyin safiya a watan Nuwamba, bayan an yanke dawa, ƙasa ta tsane amma ƙura ba ta tashi ba, zai gane abin da ke kai Bature gindin Alfas.

In aka ƙara gaba aka shiga ƙasar Ganjuwa sosai, akwai Kafin Madaki, inda ginin nan na Muhammadu Durugu, watau Babban Gwani, yake tun wajen shekarar 1860. Kusa da nan kuma akwai gandun dabbobi na Sumu, wanda aka zuba wa raƙuman dawa da jakunan dawa da gwamnatin Namibiya ta bayar kyauta a 2006. Ga ruwa, ga tarihi, ga namun daji, duk a shiyya guda, mai ƙarfin gwiwa yana iya haɗa su cikin kwana biyu. Yankari kam a bar ta wa mota da jagora, domin dajin da giwa ke kiwo ba wurin mai keke ba ne.

Sai dai waɗannan hanyoyi ba su da mai tsaron su. Da yawa daga cikinsu asalinsu burtali ne, wanda makiyaya ke bi da shanu zuwa mashaya, ko kuwa tsohuwar hanyar fatake da masu jakuna. Tun a 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma kowa ya san yadda burtali ke ƙarewa a ƙasar nan. Bana manomi ya ci kunya biyu daga dama, baɗi maƙwabcinsa ya ci uku daga hagu, kafin a ankara hanyar da garke ke wucewa ta zama ta mutum ɗaya. A bakin gari kuwa ba garma ce ke cin ta ba, masu yanka filaye ne: a wayi gari a tarar da tubali a tsakiyar hanya, a ce an sayar. Inda ta tsira daga waɗannan, sai motocin tifa masu ɗibar yashi su farfasa ta da damina, zaizayar ƙasa ta ƙarasa sauran.

Idan burtali ya toshe, abin da aka fi ji shi ne rigimar manomi da makiyayi, kuma lalle ita ce babba, don har rayuka ake rasawa. Amma akwai wanda ba a jin kukansa, shi ne mai keke. Shi ne mai itacen nan da aka gani da safe, da ɗan makarantar da ke zuwa daga ƙauye, da malamin firamare wanda ya jingine babur tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haye Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. Duk wata hanyar ƙasa da aka toshe, su ake turawa kan kwalta.

Kwaltar kuwa ba ta san girman kowa ba. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kira ga 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja. Wata rana motar safa ta ture shi ya faɗa rami. Mutane sun yi ta dariya, alhali kuwa abin da ya faru ya nuna cewa kira kaɗai ba ya isa, sai an ba mai keke hanyarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun daga 2018, ana kuma fitowa a zagaya gari da rakiyar jami'an kiyaye haɗurra, amma kashegari mai itace shi kaɗai yake da tirela.

Aikin da ake bukata a Bauchi ba na kwangilar biliyoyi ba ne. Ƙananan hukumomin Bauchi da Ganjuwa, tare da hakimai da dagatai da ardo-ardo waɗanda suka san iyakar kowace gona, suna iya bin hanyoyin da suka kewaye Gubi a auna su, a kafa turakun siminti, a rubuta su cikin taswirar gwamnati yadda ba mai iya sayar da su. A sa kwalbati inda rafi ke yanke hanya, a hana tifa bi, a kafa allo da Hausa da Ingilishi. Tun da ruwan sha ne na dukkan gari, tilas hukumar ruwa ta faɗi inda za a matsa kusa da inda ba za a taka ba. In an yi haka, shanu za su sami mashaya, mai keke ya sami hanya, baƙon da ya zo yawon buɗe ido kuma ya bar ɗan abin da ya bari wajen mai shayi da mai gyaran keke.

Ga wanda ke son gwadawa tun yanzu, ba sai ya sayi keken Turai ba. Tsofaffin Raleigh da Phoenix sun daɗe suna bin waɗannan hanyoyi da buhu a kariya. Lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin a watan Agusta rafuka kan cika, a Maris da Afrilu kuwa rana ba ta da sauƙi. Ya tafi da ruwa isasshe da famfo da kayan faci, saboda tsidau da ƙayar aduwa ba su raga wa taya. Kada ya tafi shi kaɗai, ya kuma tambayi halin da hanya ke ciki kafin ya nufi wajen dajin Lame-Burra, inda a 'yan shekarun nan aka sha samun rahoton masu satar mutane. In ya shiga ƙauye ya sauka daga kan keke, ya yi sallama a ƙofar mai unguwa, in kuma ya ci karo da garke a burtali ya ja gefe ya tsaya har shanun su wuce.