Dattawan Amurka Da Ɗakin Da Mota Ke Ja

A Amurka, ma'aikacin da ya yi ritaya yakan ɗaura ɗan ɗaki mai tayoyi a bayan motarsa, ya tafi hutu gandun daji irin su Yellowstone. Mai rufin tamfol ba shi da nauyi, amma kafa shi aiki ne: a ɗaga rufi, a jawo gadaje, a tokare su. In ruwa ya jiƙa tamfol kuwa, tilas a sake buɗe shi a gida, kada ya yi funfuna.

Saboda haka dattawa masu ciwon baya sukan koma ga mai bangon alminiyam, irin na Airstream, wanda daidaita tsayuwarsa kawai ake yi a shiga. Sai dai ya fi tsada, kuma ƙaramar mota ba ta iya jansa.