Gwangwan, Motocin Arlit da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Daga Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo, in mutum ya bi Kogin Kwara ya yi sama, ba zai jima ba zai iske gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin. Shekaru aru-aru manyan motoci sun yi ta ƙetare wannan gada ɗauke da gangunan garin yuraniyom daga Arlit, su nufi Parakou da tashar jiragen ruwa ta Kwatano, akasari a kai Faransa. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ne ya katse safarar. Duk tsawon lokacin nan kayan suna wucewa ta bayan gidanmu, amma in aka ambaci radiyeshin a majalisa, abin da aka fi nunawa da yatsa shi ne ƙarfen sabis na waya.

Wannan tsoro ya ɓata hanya. Radiyeshin makamashi ne da ke tafiya ba a ganinsa, kuma ba duka ne iri ɗaya ba. Na rediyo da wayar hannu da ƙarfen sabis ba shi da ƙarfin da zai fasa ƙwayar halittar jiki. Iyakarsa ɗan ɗumi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sami hujjar cewa zama kusa da ƙarfen sabis yana jawo cuta ba. Mai ƙarfin shi ne na injin hoton ƙashi, da wanda ke fita daga yuraniyom da iskar radon da makamantansu. Shi yana ratsa tsoka ya lalata tsarin gadon da ke cikin ƙwayar halitta. In ya yi yawa lokaci guda, fata ta ƙone, gashi ya zube, jini ya lalace, mutum ya iya mutuwa cikin makonni. In kaɗan-kaɗan ne shekara da shekaru, sai haɗarin ciwon daji ya ƙaru.

Maganar duka tana kan adadi. Ana auna shi da milisibat, kuma kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da abinci da sararin sama. Hoton ƙirji guda bai wuce kusan 0.1 ba. Don haka mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, in ya guje wa hoto don tsoro, ya cuci kansa. Mai juna biyu kuwa ta faɗa wa ma'aikaci kafin a ɗauka. Da wannan hasken ne ma ake gasa ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gwangwan. Garin yuraniyom a rufaffiyar ganga bai da haɗari sosai sai in ta fashe aka shaƙi ƙurarsa. Amma a Arlit, inda aka fara haƙa tun 1971, cibiyar bincike ta CRIIRAD daga Faransa da ƙungiyar Aghir in'Man ta mutanen garin sun gano tsofaffin ƙarafan ma'adinai masu gurɓata ana sayar da su a kasuwa. Talaka ya saya ya yi rufi ko kayan gida, ya kwana da su shi da 'ya'yansa, ba wari, ba zafi, ba wata alama.

Abin da ya faru a Goiânia ta Brazil a 1987 ya fi muni. Wasu mutum biyu sun kwance tsohon injin gasa ciwon daji a wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai gwangwan. Ya ga wani gari mai ƙyalli shuɗi a ciki, ya rarraba wa dangi don sha'awa. Sinadarin siziyom-137 ne. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, aka sami kusan 250 da gurɓata, aka kuma auna sama da 100,000.

Gwangwan ba ya tsayawa inda aka tsince shi. Yaro ya tara a buhu, dillali ya auna a sikeli, mota ta kwasa, kuma a yanki irin namu mai mashigai kamar Tsamiya da Lolo, ga kwale-kwale ga hanyoyin babur, ba wanda ke tambayar asalin ƙarfe. Najeriya tana da hukumar sa ido kan nukiliya, NNRA, wadda dokar 1995 ta tanada, ta fara aiki a 2001. Na'urar aunawa ta hannu ba ta fi girman rediyo ba. Ya kamata a ce tana hannun jami'an kwastan na kan iyaka da manyan dillalan ƙarfe. Kafin nan, a nuna wa kowane ɗan jari-bola alamar haɗarin: fukafukai uku kamar na fanka a kan launin rawaya. Wanda ya ga ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa ɗauke da ita, kada ya fasa, kada ya sa a aljihu. Ya yi nisa, ya hana yara zuwa wurin, ya sanar da hukuma.